Ratar da Kawu Yake Bari

Jiya na tuɓe takalmi a wani masallaci a unguwar Madain Fahd, nan Jidda, sanyin dutsen marmara ya ratsa tafin ƙafata, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Shekara talatin ya yi yana shimfiɗa wannan dutse a gidajen Jidda, goman ƙarshe tare muka yi. Kullum sai ya bar ratar yatsa ɗaya tsakanin dutse da bango. Yakan ce, "Dutse ma in ya ji ɗumi miƙa yake yi, a bar masa wuri."

Wani attajiri ya ga bututun ɗumama daɓe a Turai, ya sa aka binne masa irinsa a falo. A Jidda fa, inda mutum ke gumi yana cikin wanka! Muka shimfiɗa dutsen a kai. Da attajirin ya ga ratar sai ya hau faɗa, wai ha'inci ne.

Kawu ya ce, "Ya Shaikh, in na cike ta zai tsage."

Attajirin ya ce, "Halas, magana ta ƙare! Cike ta."

Kawu ya durƙusa ya cike ta da siminti, yana ƙwafa. Ran da aka kunna bututun, dutsen ya tsage daga ƙofa har taga. A nan ne attajirin ya tuna Kawu ba shi da iƙama, takardar izinin zama, ya kira 'yan sanda. Aka mai da tsoho Kano, inda babu sauran wanda ya san shi, can ya rasu a ɗakin aro.

Allah ya yalwata kabarinka, Kawu. Ya ba ka wurin da mutane suka hana ka.