Kaɗanyar Gonar Kasalgu

Yau da safe na ji ƙarar tarakta a hanyar Kasalgu, na tuna Baba, surukina.

Bayan an sauke tutar Bature, 'yan jam'iyya suka same mu a gona. Suka ce gwamnati za ta yi mana huɗar gyaɗa da tarakta kusan kyauta, in mun yanki katin jam'iyya, mun sare itatuwan kaɗanya. Baba na zaune gindin ɗaya yana tauna asawaki, ko'ina ƙanshin nunannen kaɗe.

Ya tofar, ya ce, "Samari, gyaɗar in ta fito, wa zai saya?"

"Gwamnati, Baba."

"Wa zai yanka farashi?"

"Gwamnati."

"To, ku gaishe ta."

Bai yanki kati ba, ba a sare ko itace ɗaya ba. Shekarar da farashin gyaɗa ya karye, da man kaɗe na ciyar da yarana.

Baba ya rasu bara. Jiya mijina ya yanki kati, ya wasa gatari. Na yi magana, ya ce ba hurumin mace ba ne.

Allah ya jiƙan Baba, ya sanyaya makwancinsa. Ni kuma Allah ya sa in sami abin tsinta baɗi.