Ɗari Biyu da Saba'in da Uku

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana kula da injunan ɗakin sanyi na wani kamfanin ajiyar kaya, har ma'aikata suka manta sunansa, sai dai Baban Sanyi. Da bayan hannu yake taɓa bututu ya gaya maka ko gas ya ragu. Sai sababbin masu kamfani suka zo da doka: wanda ba shi da takardar shaida, ƙarshen shekara ya ba wani wuri. Wato hannun da ya riƙe injunan tun kafin a haifi manajan, yanzu sai takarda ta yi masa shaida.

Ya shiga ajin yamma. 'Yan ajin duk sa'o'in 'yarsa ne, suna gaishe shi da ladabi, su bar masa bencin gaba shi kaɗai. In sun haɗu bita, ba mai kiransa, wai kunya. Wannan ladabin ya fi raini ciwo. Gida kuwa, tun rasuwar matarsa, daga shi sai rediyo. 'Yarsa da ke aure nesa in ta bugo waya, maganin hawan jini kawai take tambaya.

Darasin da ya fi ba shi wuya shi ne yawan zafin da gas ke sha kafin ya ƙaru da digiri ɗaya. Malama ta ce iri biyu ne: na gas ɗin da ke kulle a silinda, da na wanda aka bari ya buɗe yana tura fistin, wato ƙarfen da ke kai da komowa a cikin inji. Na biyun ya fi ci, don wani zafin ya tafi a aikin turawa. Sati uku yana juya maganar a kansa, ranar da ta zauna ya yi dariya shi kaɗai a bayan injin, bai sami wanda zai gaya wa ba.

Ranar jarrabawa, babbar tambayar mai rabin maki ta zo daidai bakinsa: an matse gas daga digiri ashirin da bakwai, nawa zafinsa zai kai? Ya yi lissafi tsaf, ya riga kowa ajiye biro.

A bas ɗin komawa ne ya ji wasu 'yan ajin biyu a bayansa.

"Ka dai tara ɗari biyu da saba'in da uku kafin ka fara, ko?"

"Haba, wa zai manta wannan?"

Shi ne ya manta. Lissafin littafi da ma'aunin zafi na Kelbin ake yinsa, sai an ƙara wannan adadin a kan digirin da aka saba, shi kuwa ya ɗauki ashirin da bakwai yadda ya saba karantawa a bangon ɗakin sanyi. Malama ta faɗa, ya ma rubuta, amma sabo ya rinjayi rubutu. Bai waiwaya ba.

Da ya isa gida, ya zaro makullan aiki, ya yayyanka 'yan takardu, ya fara rubuta wa kowanne ɗakin da yake buɗewa, don kada wanda zai zo ya sha wahala.