Mai Gurasar da Aka Kora

A Hayyin Ashir na tashi, wata unguwa a Masar, a wani ƙaramin gida a hawa na huɗu, mu da kakarmu. Habboba muke ce mata, irin kiran mutanen Sudan, don daga can ta zo da Hausarta. Lokacin sanyi, in an idar da sallar isha, sai ta hura gawayi a kasko ta ɗora burodin da ya kwana, irin na Masar mai faɗi, yana ɗumama muna miƙa hannu.

"Yalla, ku matso. Ga ta nan, ta iso muku da ɗuminta."

"Ta zo mu ji ta, Habboba!"

Akwai tatsuniyar da ta fi yawan ba mu, ta wata mai gurasa. Wai a garinsu ƙamshin tanderunta ne ke tashin mutane da asuba. Sai aka yi fari, alkama ta yi wuya. Matar ta kasa duban idon maƙwabta ta ce ta ƙara kuɗi, sai ta riƙa rage ƙullin. Gurasa ta tashi daga faɗin faifai ta koma tafin hannu, har ran nan wani ya saya, ta faɗi ƙasa, kaza ta haɗiye ta lokaci guda. Nan mukan fashe da dariya. Mutanen gari kuwa suka fusata, suka ce ɓarauniya ce, suka kore ta. Da suka fasa rumbunta don su raba alkamar da ta ɓoye, ba su tarar da komai ba sai ƙaiƙayi.

"To da gari ya waye fa?"

"Ba ƙamshi, ba gurasa," in ji ta. "Sun kori mai gurasa, yunwa kuwa tana nan zaune abinta. Khalas, ku tashi ku kwanta."

Ba ma son ƙarshen nan. Mun fi son wurin kaza.

Yanzu girki nake yi a wani gida a Zamalek, unguwar masu kuɗi, tare da wata 'yar Filifin, Marisel. Kwanaki na same ta tana share hawaye bayan ta gama waya. Ta ce yayarta ce, mai gasa ɗan burodin da suke karyawa da shi a ƙasarsu, pandesal. Fulawa ta yi tsada, yayar ta rage girmansa ta ƙara kuɗi, yanzu maƙwabtan da suka tashi tare ko gaisuwarta ba sa amsawa.

"Ma'alish," na ce mata, wato ta yi haƙuri.

Da yamma na tsaya layin burodi a unguwarmu. Wani dattijo yana ta yi wa mai tanderu faɗa, yana ɗaga burodin sama kowa ya ga yadda ya ƙanƙance. Mai tanderun ya goge gumi ya ci gaba da aikinsa. Dattijon yana da gaskiya, yara ne ke jiransa a gida. Amma talaka in ya ji zafi, wanda hannunsa ke iya kaiwa yake duka, kuma yawanci talaka ne ɗan'uwansa. Na karɓi nawa, na ce wa mai tanderun Allah ya ba da sauƙi, na kama hanyar gida.