Haƙori na Uku

Yayana shekara ashirin da bakwai ya yi yana rubuta wa kwamfuta umarni a wani ofis mai sanyi. Da ya yi ritaya bai dawo da komai ba sai ciwon wuya da ƙirge daga sifiri. A cewarsa haka na'ura take yi: in an jera abubuwa, lambar kowanne ita ce taku nawa za ka yi daga bakin layi kafin ka iske shi. Na farko ba ya bukatar taku, saboda haka shi ne sifiri.

Tun da Allah ya yi wa maigidana rasuwa nake zaune a gidan Yaya, na ga abubuwa. Babban ɗansa, mai gemu da 'ya'ya huɗu, har yau Sifiri yake kiransa. Matakalar bene ta farko sifiri ce. Raka'o'in salla ne kawai na lura yana ƙirgawa kamar kowa, alhamdulillahi.

Wata Talata haƙori ya hana shi shan shayi. Ya tafi wurin likitan haƙori, ya buɗe baki ya ce, "Na uku daga ciki, ƙasa, dama." Haƙoran Yaya kuwa sukari ya gama da su, kowanne ka duba sai ka ce shi ne mai laifin. Likita ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, ya cire. Da allurar kashe zafi ta sake shi, ciwon yana nan daram. Lafiyayyen aka cire, maƙwabcin mai ciwon.

Matarsa ta ce da ni, "Yaya Babba, raka shi gobe, kada a kwashe masa baki." Haƙoran taunawar da suka rage masa ba su da yawa.

Muka je. Ya hau kujera, kunci a kumbure, ya ce, "Likita, tunda an cire ɗaya, layi ya matso. Yanzu na biyu ne."

Likita ya ɗauki abin cirewa. Na yi salati a zuci, na ƙirga da yatsuna a ƙarƙashin mayafi.

Na ce, "Likita, don Allah dakata. Yaya, nuna da yatsa mana."

"Ke, ina magana da masu ilimi."

"Ilimin ne ya ci maka haƙori jiya."

Ya ƙi nunawa, wai yatsa aikin jahilai ne. Sai na ce, "Likita, ƙirga irin ta mutane, ka tsallake gurbin. Na uku ne."

Likita ya ƙwanƙwasa na ukun. Yaya ya yi ƙarar da ban taɓa ji ba tun muna yara. Aka cire.

A hanyar gida, bakinsa cike da auduga, ya dube ni ya ce, "Kin gani? Ai tun jiya na ce na uku."

Muka isa gida. Na dama masa abu mai ruwa-ruwa, ya sha da cokalin da yake kira na sifiri.