Sunan Mai Rai a Waƙar Rami

Ni dai tun farko ban saki jiki da Nwanyieze ba, ko da yake na shekara goma sha ɗaya ina cin alalar gurjiyarta. A bakin ramin kwal ɗinmu na Inugu take zama, tana kwance ganyen ayaba tana rera waƙar rami. Tun zamanin iyayenmu, duk wanda ƙasa ta rufta wa ko mugun iska ya shaƙe, sai a ƙara sunansa a ƙarshen waƙar. Sunan mai rai ba ya shiga. Mijinta Agbo shi ne na tara a jerin.

Abin da ke damuna da ita, bin diddiginta ya yi yawa. Kowa ya fito sai ta tambaye shi, "Katakon da ke tokare rami na uku har yanzu yana kuka?" Matar da ba ta taɓa shiga ƙasa ba, ina ruwanta da kukan katako?

Wata Litinin da safe muna layin karɓar fitila, sai ta ɗaga murya ta jero matattu, ta rufe da "Ozoemena ɗan Agbo". Ɗanta ke nan, mai aiki a rami na uku, yana tsaye a gabana da diga a kafaɗa, lafiyarsa ƙalau.

"Mama, kin haukace ne?" in ji shi. "Ina tsaye kike binne ni?"

"Bakina ne ya suɓuce, ɗana."

Suɓucewa? Matar da ba ta taɓa kuskuren suna ba! Mu kuwa muka dare, don ba mai shiga rami da wanda waƙa ta riga ta ambata. Shugaban aiki ya yi zagi ya gaji, ya ƙwace fitilar Ozoemena ya sallame shi.

Ranar Laraba rami na uku ya rufta da mutum huɗu, har da ƙanena Udenta.

Wasu suka ce mayya ce, musanya ta yi da ran ɗanta. Wasu suka ce kunne kawai ta kasa ga maganar katakon. Bayan an binne Udenta na je na tsaya a kanta.

"Nwanyieze, in kin sani, me ya hana ki kira sunan kowa?"

"Wata nawa ina tambayarku katakon nan, Obidike, kuna dariya?" in ji ta. "Ɗa ɗaya gare ni."

Ozoemena kuwa duk inda ya bi a unguwa kaucewa ake yi, har ya gaji ya hau jirgin Fatakwal. Ta rayu shekara ashirin bayan haka, bai dawo ba.