Rigar da Muka Ɓoye a Cikin Bargo

Har yau ranar da Inna Hurera ta shigo mana da ƙunshinta ba ta fita raina ba. Bafulatana ce daga wajen Gwiwa, bargo take so a yi wa sabon jikanta. Lokacin ni ce mai yanka a cibiyar ɗinkinmu ta mata a Kazaure, duk abin da za a sa wa almakashi sai ya bi ta hannuna.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, tsofaffin rigunan sanyi na yara muke mayarwa bargo. Saƙa tana miƙewa, kuma da an yanka ta sai ta warware. Don haka sai an shimfiɗa ta a kan tsohuwar atamfa, an bi da keken ɗinki, sannan a yanka. Wadda zarenta ya mutu kuwa ba ta shiga. Da hannuna na rubuta wannan doka na liƙa a bango, shekarar da na gama ajin karatun manya.

Riguna tara ta kawo, na 'ya'yanta. Takwas lafiya lau. Ta taran wata 'yar shuɗiya ce, ina jan ta ta buɗe baki. Na ture ta gefe. Inna ta turo ta. Na sake turewa.

Na ce, "Inna, wannan ko tsumman goge keke ba za ta yi ba. Wanki biyu bargo ya yage, a ce Talatu ba ta iya aiki ba."

Ta ce, "To, a ba ni kayana."

Na ce, "Wai ta wa ce, da ba za a bar ta ba?"

Ta kau da kai. "Ta wancan ce."

Sai na gane. Ɗan fari ke nan, wanda uwa ba ta kama sunansa, ba ta nuna masa so a gaban mutane. Ashe jaririn da za a yi wa bargon nasa ne.

Na ce, "A fuskar bargo dai ba za ta zauna ba."

Ta ce, "Wa ya ce miki ina so a gani?"

A ciki muka sa ta, tsakanin fuska da baya, na bi ta da ɗinki layi-layi yadda ba abin da zai ja ta. Ranar da Inna ta zo karɓa ta yi ta shafawa, har tafinta ya tsaya a wurin. Ta ce, "Ke dai bakinki ne ba daɗi."

Ku 'yan baya, ku ci gaba da duba zare, ban hana ku ba. Amma in kun ture tsumma aka sake turo muku shi, ku ajiye almakashi ku tambayi na wane ne.