Ɗalibaina Masu Furfura

Cikin ranakun aikina duka, wadda ba ta taɓa gushe mini ba ita ce ranar da aka gwada ni don ɗauka ta malanta, 'yan shekaru kafin Nasara su tafi. Ku malaman yanzu takardu kuke kaiwa ku koma gida ku jira. Mu a lokacinmu sai an tura mutum wani ƙauye ya buɗe aji, ya tara yara aƙalla ashirin, sannan sufeton makarantu ya zo ya zauna ya ga yadda yake koyarwa. In ya sa hannu, ka zama monita, wato ƙaramin malami. In bai sa ba, ka koma gonar ubanku. Ni kuwa na riga na ɗinka wando da kwat, duk unguwarmu a Dogon Dutsi ana ce mini mushe, wato malamin boko da bakin Faransa, komawa gona ta fi mini mutuwa ciwo.

Aka tura ni wani ƙauye bayan Ɗan Kassari, ana tsakar girbin gero. Na tarar da rumfar zana da allo, amma ban ga yaro ko ɗaya ba. Ashe da jin labarin lakkal, wato makarantar boko, ta zo, aka kwashe yaran aka kai su rugagen Fulani. Kwana tara ina zuwa wurin maigari, kullum sai ya ce mini garin nan bana ba a yi haihuwa ba.

Ana gobe sufeto zai zo, na durƙusa gaban maigari, hawaye na neman kunyata ni. Ya dube ni ya ce, "Yaro, mi takardar Nasara ta ce? Ɗiya ashirin, ko mutum ashirin?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, ɗalibai ashirin ta ce."

Ya ce, "To tahi ka kwanta."

Da safe na shiga rumfa na tarar da ɗalibaina ashirin cif a kan tabarmi, ƙaraminsu ya haifi ubana. Akwai wanzamin gari, da maƙeri, da wani makaho, da tsofaffin sojoji huɗu da suka yi wa Faransa yaƙi, babbansu Sarjan Arzika, ya liƙa lambobinsa a kan riga 'yar shara. Kafin in buɗe baki sai ga ƙarar mota.

Sufeton na shigowa Sarjan ya daka tsawa irin ta bariki, tsofaffi suka miƙe, wasu da sanda, wasu suna dafa juna. Bature ya tsaya turus. Ya dube su, ya dube ni, ya buɗe takardarsa. Na hango gurbin adadin ɗalibai, ban ga gurbin shekaru ba, shi ma ina jin abin da ya gani ke nan. Ya ƙirga su da alƙalami ya ce in fara.

Darasin da na haddace kuwa na teku ne, ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce tafki ba. Na ce teku ruwa ne shuɗi, mai kyan gani, iska mai daɗi na kaɗawa. Sai Sarjan ya ɗaga hannu.

"Mushe, wa ya hwaɗa maka?"

Na ce littafi.

"To littahin bai shiga jirgi ba. Baƙi ne ƙirin, kuma kwana goma munka yi muna amai."

Sauran sojojin suka ce ƙwarai kuwa. Gumi ya jiƙa kwat ɗina. Ga bulala rataye, ga sufeto na kallo, wa zan daka cikin kakannina? Na miƙa wa Sarjan alli na ce ya zo ya gaya wa aji yadda teku take. Ya yi rabin awa da Faransancin soja, har da kwaikwayon aman, ni ina rubuta kalmomin a allo. Makaho ya ce shi dai yau ya ga teku.

Bayan wata guda takardar ɗaukata ta iso. A ƙasa sufeto ya rubuta cewa ajin na da ladabi da ƙwazo, sai dai an ɗan makara wajen sa su makaranta.

Amma tun kafin takardar, washegarin gwajin, Sarjan ya zo mini da jikokinsa uku. Na ce ashe dai an yi haihuwa. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Mu ma haka anka tara mu cikin rumhwa, anka ƙidaya mu, anka rubuta sunanmu. Mu goma sha biyu munka tahi, huɗu munka komo. Jiya ba taimakonka munka zo yi ba, dubin ka munka zo yi. Mun ga ana gyara maka magana ba ka husata. Ga su nan, ka maido mini su da marece."

Shekara talatin da wani abu na yi ina koyarwa, sufetoci da yawa sun sa mini hannu. Abin da na koya dai shi ne, hukuma takarda take ba malami, iyaye ke ɗaukar sa aiki. Kuma ban taɓa tashin aji ba sai na ƙirga yaran na ga kowa ya kama hanyar gidansu.